Sharhi kan create-block, kayan ƙera bulo na WordPress

Duk wanda ya taɓa gina wa wani shafin intanet da WordPress ya san inda gizo ke saƙar. Bulolin da ke zuwa tare da editan Gutenberg, na rubutu da na hoto da na maɓalli, suna isar mutum har zuwa ranar da mai shafi zai ce yana son wani abu nasa na daban: katin ma'aikaci mai hoto da suna da muƙami, alal misali, wanda zai riƙa cikawa da kansa ba tare da ya ɓata tsarin shafin ba. Daga nan sai dai ka ƙera bulonka. Ni da create-block nake wannan aikin, kuma hukuncina a kansa shi ne ya iya share fage ƙwarai, amma shawarar da ta fi kowace nauyi ya bar maka ita a ɓoye.

Gutenberg ya shigo ne da WordPress 5.0 a watan Disamba na 2018, kuma a kan React, wani kayan aikin JavaScript, aka gina shi. Kenan kod ɗin da kake rubutawa ba shi burauza ke karantawa kai tsaye ba, sai an sarrafa shi tukuna. Wanda ya zaɓi ya haɗa webpack da Babel, kayan da ke wannan sarrafawar, da hannunsa zai iya cinye yini guda bai ga ko inuwar bulon ba. Wannan wahalar ce create-block ya ɗauke. In dai akwai Node.js, manhajar da ke tafiyar da JavaScript a wajen burauza, a kwamfutarka, layi ɗaya ne a tagar umarni:

npx @wordpress/create-block@latest katin-maaikaci

Sai ka jira ya gama sauke kayansa. Jiran yana da ɗan tsawo, kuma foldar node_modules da yake tarawa tana cin ɗaruruwan megabait, don haka mai auna data ya shirya. Da ya kammala, ga cikakken fulogin, wato ƙarin da ake ɗora wa WordPress, a hannunka: fayil ɗin PHP da ke yi wa bulon rajista, da foldar src inda za ka yi aiki, da foldar build wadda WordPress ke karantawa. Ka jefa shi cikin wp-content/plugins, ka kunna, ka buɗe edita, bulonka na nan cikin jeri da ɗan rubutun gwaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne block.json, wanda tun WordPress 5.8 a 2021 ya zama hanyar da aka fi so a bi wajen rajistar bulo. Suna, tambari, rukuni, bayanan da bulon zai adana, duk a wuri ɗaya, PHP da JavaScript kuma kowanne daga nan yake ɗiba. Akwai wani sashe a ciki mai suna supports. Ka ƙara layi biyu ko uku a wurin kana cewa bulon ya karɓi launi da tazara, ka sabunta shafin, sai ka ga maɓallan zaɓen launi sun bayyana a gefen dama na edita, iri ɗaya sak da na sauran buloli, alhali ba ka zana ko ɗaya ba. Haka kuma umarnin npm start: yana zaune yana gadin fayilolinka, da ka taɓa edit.js ko style.scss ka adana, kafin ka juya ga burauza ya sake gina komai. A nan kam ba ni da ta cewa.

Wurin gwaji kuwa, masu kayan sun tanadi wp-env, wanda ke tayar maka da WordPress sabo fil a localhost:8888. Yana aiki lafiya, sai dai a tsarinsa na asali da Docker yake tashi, wata manhaja ta daban da za ka girka, shi kuma Docker ba ya tausayin ƙaramar kwamfuta. In kana da wani WordPress da ka riga ka girka a na'urarka, ya wadatar.

To, ga inda maganar take. Idan ba ka ce komai ba, bulon da create-block zai ba ka mai fayil ɗin save.js ne. Irin wannan bulo, HTML ɗinsa ake rubutawa kai tsaye cikin rumbun bayanai tare da rubutun shafin. Duk lokacin da aka buɗe shafin a edita, WordPress zai sake kiran save.js ya kwatanta abin da ya fito da wanda ke ajiye. In sun saɓa, ko da sunan aji ɗaya ne na CSS ka canza, bulon zai rufe fuska da saƙon cewa abin da ke cikinsa ba daidai ba ne, da maɓallin ƙoƙarin farfaɗo da shi. Maziyarta ba za su ga komai ba, tsohon HTML ɗin na nan daram. Mai shafin ne zai buɗe edita ya tarar da gargaɗi a kowane wurin da ya sa katin, kuma lambarka zai nema. Da gangan aka tsara hakan don kare abin da mutane suka rubuta, kuma akwai magani: ka ajiye tsohon fasalin save a jerin deprecated domin WordPress ya gane shi ya mayar da shi sabo. Amma kowane gyara sai ya bar maka tsohon kod da za ka ci gaba da goyo.

Ɗaya hanyar ita ce ka ƙara --variant dynamic tun a layin farko. Sai ya ba ka render.php a maimakon save.js. Bayanan kawai ake adanawa, sunan ma'aikaci da muƙaminsa da lambar hotonsa, PHP kuma ya zana katin duk sa'ad da aka buɗe shafin. Ka canza fasali yau, ya canza a ko'ina, babu gargaɗi. Ita ma da nata farashin: saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na ƙara yin aiki, kuma ranar da wani ya kashe fulogin ɗin, katunan za su ɓace daga idon maziyarta, alhali na save.js da sun tsaya ko da adonsu ya zube. Duk da haka, a aikin da ake yi wa wani, inda ka san gobe zai ce a matsar da hoton zuwa hagu, ni render.php nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Na so a ce sabon shiga na cin karo da wannan zaɓi a fili, domin wanda ya kwafi layin nan guda ya wuce bai ma san an zaɓa masa ba.

Dabarar da ke kauce wa wannan mai sauƙi ce: ka kira umarnin ba tare da ka ba shi suna ba. Zai tsaya ya yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ciki har da irin bulon da kake so da kuma sunan gidan da zai zauna a ƙarƙashinsa. Wannan na biyun ma kada ka raina shi. In ka bar shi, bulonka zai ɗauki create-block a gaban sunansa, kuma sunan nan yana shiga cikin kowane shafin da aka yi amfani da shi. Ka sauya shi daga baya, edita ya ce bai san tsofaffin ba.

Idan aikin ya nuna, npm run build zai matse fayilolin, npm run plugin-zip kuma ya ɗaure maka su a zip ɗaya da za ka ɗora a shafin gaske. Bulo na biyu ba ya bukatar sabon fulogin: ka shiga src ka sake kiran umarnin da --no-plugin, sannan ka leƙa fayil ɗin PHP ka tabbatar shi ma an yi masa rajista.