Saƙon Murya ko Kiran Waya: Wanne Ya Fi Gyara Zumunci?

Ana yawan yi mini wannan tambaya, musamman masu son shiryawa da 'yan'uwa bayan saɓani.

Wajen kuɗi, saƙon murya na WhatsApp ya fi araha: data kaɗan, ko sabis na rawa zai tafi daga baya. Kira kuwa kati yake ci, kuma sai ka dace mutum ba ya kasuwa.

Sai dai hira ba zuba kaɗai ba ce. A waya kana jin inda muryar Yaya ta sauya, nan take ka ce, "Wallahi Yaya ba haka nake nufi ba," tun magana ba ta yi tsami ba. A saƙo kuwa ka yi minti 7 kana bayani, ita ta ƙara masa gudu tana tuƙa tuwo. Ga kuma turawa gaba. Na taɓa ganin ƙorafin mutum biyu ya kwana a zauren dangi na WhatsApp.

Inda saƙo ya ciri tuta: tun 2021 kana iya sauraron kanka kafin ka tura. Mai saurin fushi, ko wanda kunya ke ɗaure wa harshe, wannan nasa ne. Mai ban haƙuri, ta'aziyya ko gaida Baba, ya sa kati ya kira.