FAST ko BE-FAST: wanne ya fi gano shanyewar ɓarin jiki?

Hajiya, kin ce hotuna biyu kike gani suna yawo, ɗaya FAST ɗaya BE-FAST, kina tambayar wanne za ki riƙe tunda Baba na fama da hawan jini. Ni dai BE-FAST zan ce, amma bari in faɗi dalili.

Dukansu hanyoyi ne na saurin gane alamomin shanyewar ɓarin jiki. An tsara FAST a Ingila a 1998 don ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, sunan kuwa harafan farko ne na kalmomin Turanci na fuska, hannu, magana da lokaci. Abu uku ake dubawa. A ce mutum ya yi murmushi, a ga ko baki ya karkace. Ya miƙa hannuwa biyu, a ga ko ɗaya na zamewa ƙasa. Ya yi magana, a ji ko harshe ya yi nauyi. Harafin ƙarshe tuni ne cewa lokaci ba ya jira. Ko yaro zai iya haddace ta, kuma tana kama yawancin masu ciwon.

Inda take da rauni shi ne idan abin ya taɓa ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya. A nan baki na iya zama daidai, hannu da ƙarfinsa, sai dai mutum yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ko yana ganin abu bibbiyu, ko gefe guda ya yi masa duhu. Irin wannan ne a gidajenmu ake cewa gajiya ce, ko iska, a shimfiɗa masa tabarma ya huta, har lokaci ya ƙure. BE-FAST ta ƙara waɗannan biyun ne, tafiya da gani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kentucky ta Amurka a 2017 ya gano FAST ta kuskure kusan kashi 14 cikin 100 na masu ciwon, da aka ƙara alamomin biyu sai abin ya sauko zuwa kusan kashi 4.

Ita ma tana da aibinta. Jiri ya yi yawa a cikin cututtuka: zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne, faɗuwar suga. Don haka za ki iya garzayawa asibiti a ce ba shi ba ne. Abin lura shi ne ya zo farat ɗaya. Kuma ni a ganina gara a yi asarar kuɗin mota.

Tsakanin FAST da BE-FAST babu wadda ke bambance toshewar jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa da fashewarta, sai hoton ƙwaƙwalwa na asibiti, irin na CT. Shi ya sa kada a ba shi asfirin a gida, domin idan fashewa ce zai iya ƙara zubar jinin. Kuma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. Idan akwai na'urar gwajin suga a kusa, a gwada, domin faɗuwar suga na iya kama da wannan ciwon, kuma gwajin ba ya cin minti biyu.

Ki duba agogo ki riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Ko alama ɗaya kika gani, ko da ta wuce bayan 'yan mintoci, kada a tsaya kemis. A wuce babban asibiti kai tsaye, irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.