Firebase Analytics a manhajar waya: sauƙin sakawa da tsadar jinkiri

Duk wanda ya taɓa ƙera manhajar waya ya sake ta a Play Store ya san irin duhun da ake shiga daga baya, domin adadin waɗanda suka sauke ta ba ya gaya maka ko sun sake buɗe ta washegari, ko kuwa tun a daren farko suka goge ta. Wannan duhu ne ya sa na saka Firebase Analytics, wato tsarin Google mai ƙirga yadda mutane ke amfani da manhaja, a wata ƙaramar manhaja da na yi wa masu shaguna don rubuta ciniki da bashi. Hukuncina shi ne ya dace da ƙaramar manhaja, amma da sharaɗin mutum ya zauna ya tsara abin da yake son ƙirgawa kafin ya rubuta layi ko ɗaya.

Google ya sayi Firebase, dandalin kayan aiki na masu ƙera manhaja, a 2014, ya kuma fito da sashen ƙididdigar a 2016, wanda a yanzu ake kira Google Analytics for Firebase. Sakawa ba ta da wahala: ka buɗe aiki a shafin Firebase, ka sauke fayil ɗin google-services.json, ka haɗa shi da manhajar. Daga nan Firebase zai fara rubuta wasu abubuwa da kansa, kamar buɗewar farko da yake kira first_open, da shafukan da aka shiga, da ma cire manhajar idan wayar Android ce. Duk wannan kyauta ne, komai yawan abin da aka aika, kuma a nan ne ya sha gaban takwarorinsa masu irin wannan ƙididdigar, Mixpanel da Amplitude, waɗanda kyautarsu take da iyaka.

Aikin gaske yana farawa ne lokacin da ka zo ƙirga abin da ya shafi manhajarka ita kaɗai. Kowane abu da mai amfani ya yi, kamar rubuta sabon bashi ko aika tunatarwa ga wanda ake bi, ana ba shi suna a aika shi a matsayin aukuwa guda. An yarda da sunaye daban-daban har 500, kowanne kada ya wuce haruffa 40, kuma kowace aukuwa tana iya ɗaukar ƙarin bayanai 25. Ɗari biyar kamar da yawa, sai dai tsarin yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Ni da hannuna na rubuta suna ɗaya iri biyu a wurare biyu, alƙaluman suka rabu gida biyu, kuma tun da akwai masu riƙe tsohuwar manhajar ba su sabunta ba, kuskuren ya daɗe yana bi na.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne wannan tsari ba ya waiwaye. Idan ka aika ƙarin bayani tare da aukuwa, misali ko da kuɗi hannu aka biya ko ta banki, ba zai fito a rahoto ba sai ka yi masa rajista, kuma daga ranar rajistar ne zai fara nunawa. Haka ma haɗa shi da BigQuery, rumbun da ake samun ɗanyen bayanai a yi musu kowace irin tambaya: daga ranar haɗawa yake fara tarawa. Sannan bayanan filla-filla wata 2 ake ajiye su, sai idan ka shiga saiti ka mayar da wa'adin wata 14. Kowanne cikin waɗannan aikin 'yan mintoci ne, amma wanda ya bari sai ya buƙace su, ya yi haƙar rijiya ranar wanka.

Akwai kuma batun jira. Manhajar ba ta aika kowace aukuwa nan take, tana tara su ne ta tura kusan sau ɗaya a awa don kada ta cinye cajin waya da data, kuma cikakken rahoto yakan kai kwana guda kafin ya daidaita. Sabon shiga zai iya ɗauka aikinsa ne ya lalace. Maganin wannan shi ne DebugView, wanda ake kunnawa a wayar gwaji a riƙa ganin abubuwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina shi ne mafi kyawun ɓangaren wannan tsari gaba ɗaya. Inda babu sabis, wayar tana riƙe bayanan har ta samu intanet, sai dai abin da ya haura awa 72 bai isa ba, ba a ƙirga shi. Mai shagon da datarsa ta ƙare mako guda yana ta aiki da manhajar, amma mafi yawan aikinsa ba zai shiga lissafi ba, don haka nake kallon alƙalumana a matsayin ƙasa da gaskiyar lamari.

Saura batun sirri, wanda ba na ɗaukarsa da wasa ganin cewa bayanan bashin mutane nake riƙewa. Ƙa'idar Google ta hana aika suna, lambar waya ko adireshin imel a cikin aukuwa. Tun 2022 Play Store yana buƙatar mai manhaja ya bayyana irin bayanan da yake tattarawa, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka manhajata tana aika labarin cewa an rubuta bashi, ba tare da sunan mai shi ko adadin kuɗin ba, kuma na saka maɓalli a shafin saiti da mai shago zai kashe ƙididdigar gaba ɗaya idan ya ga dama.