God of War na 2018: Kratos ya bar Girka ya koma ƙasar ƙanƙara, ga yadda na ga abun

Bari in fara da hukunci tun kafin wani ya gaji da karatu, gem ɗin nan ya yi, ya ci kuɗinsa har da canji. Amma duk wanda yake tunanin zai tarar da Kratos ɗin da muka sani a shagon gem lokacin PS2, wancan mai ihu da yanka duk abun da ya gifta ta gabansa, to ya rage zumuɗi, domin an ɗauke shi daga Girka an kai shi wata duniya daban, an sa masa gemu, an ba shi ɗa, an kuma karɓe masa wuƙaƙen nan nasa masu sarƙa aka miƙa masa gatari. Ni a PS4 na buga, tokunbo ce, a ɗakina nan Agege, kuma na kai ƙarshen labarin kafin na zauna rubuta wannan.

Ga waɗanda basu bi tarihin ba, God of War na farko ya fito a 2005 a PS2, Santa Monica Studio na kamfanin Sony ne suka yi shi can Kalifoniya ta Amurka. Na biyu 2007, na uku 2010 a PS3, akwai guda biyu na PSP a tsakani, sai Ascension a 2013. Duk a Girka ake yinsu. Matsalar ita ce zuwa ƙarshen na uku mutumin nan ya gama da kowa, ya kashe gumakan Girka, Ares tun a na farko, sai Poseidon da Hades da Hermes har Zeus ɗin da ya haife shi, ƙasar ma ambaliya da annoba sun cinye ta, to wa kuma ya rage a kashe? Shi yasa Ascension ya koma baya yana bada labarin abun da ya faru kafin na farko, kuma gaskiya a lokacin ni kaina na fara ƙosawa, fushi ɗaya ihu ɗaya shekara takwas. Dole dai ko a binne shi ko a canja masa gari. Cory Barlog wanda ya jagoranci na biyu shi ya dawo ya riƙe aikin, an ma yi tunanin kai shi Masar kafin a tsaya kan tatsuniyoyin mutanen Arewacin Turai, su Odin da Thor, ya fito ranar 20 ga Afrilu 2018.

Kafin wani ya tare ni, eh na sani, sunan gem ɗin kansa ma, da yake nufin allan yaƙi, bana jin daɗin faɗinsa. Waɗannan da suke kira alloli tatsuniya ce ta mutanen da, ni gumaka nake ce musu in wuce, wanda kuma zuciyarsa bata kwanta da abun ba ya bar shi kawai, bazan yi musu da shi ba.

Abun da ya fi burge ni shi ne basu share allo sun fara sabo ba. Da wasu ne sai su ƙirƙiro wani sabon jarumi ɗan can, su liƙa masa tsohon suna don a saya. A'a, Kratos ɗin Sparta ne dai, farar tokar nan tana jikinsa, wadda duk wanda ya buga na farko ya san tokar matarsa da 'yarsa ce da ya kashe da hannunsa, jan zanen yana nan, tabon cikinsa yana nan, hannayensa ya naɗe su da ƙyalle don ɓoye shaidar sarƙa. Farkon gem ɗin ma ba yaƙi bane, bishiya kake sarewa, wadda matarsa ta biyu Faye ta sa wa alamar tafin hannunta, da ita za a ƙona gawarta. Yana sunkuyawa zai ɗauki gungumen sai ƙyallen hannun ya warware, ya juya wa yaron baya ya ɗaure da sauri don kar ya gani. Babu wanda ya ce uffan amma ka gane komai. Wasiyyarta ita ce duka labarin, a kai tokarta a watsa a kan dutse mafi tsawo a duniyoyin nan tara, shi ke nan, uba da ɗan da basu saba da juna ba su kama hanya.

Nan ne wurin da abun ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Kratos baƙo ne a ƙasar, baya iya karanta rubutunsu, duk inda kuka tarar da rubutu a jikin dutse ko bango sai ya kira yaron, Atreus, shi ne zai karanta ya fassara masa ya rubuta a ɗan littafinsa. Duk wanda ya zauna Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san wannan hoton, dattijo ya taso daga Arewa ya shekara ashirin a Legas Yarbancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, amma ɗansa da aka haifa a nan shi ne tafinta in mai gida ya zo maganar kuɗin haya, yaron ya san gari uban ya san duniya, kuma uban bai taɓa zama ya faɗa masa dalilin da ya raba shi da gida ba. Haka Kratos yake, yaron bai san komai ba game da Girka, bai ma san ko wane ne ubansa ba, kai kuma mai riƙe da fad, wato abun buga gem ɗin, ka sani, to duk lokacin da yaron ya yi wata tambaya ta yarinta uban ya yi gum, kai ne gabanka ke faɗuwa. Wanda bai buga tsofaffin ba zai ji daɗin labarin, amma rabin nauyin zai wuce shi.

Sai gatarin, Leviathan. Wallahi na zaci zan tsane shi. Ka saita da L2 ka wurga, ya je ya kafe a jikin maƙiyi ya daskarar da shi, kai kuma ka ci gaba da dambe da hannu da garkuwa, in ka gama ka danna madannin tirayangul sai ka ji yana tahowa yana kaɗawa a iska, duk wanda ke kan hanyarsa ya sha, ya faɗo tafin hannunka tim, fad ɗin ya ɗan girgiza. Na sha tsayawa a wurin da babu maƙiyi ko ɗaya ina wurga shi cikin daji ina kira don jin wannan ƙarar kawai. Madannin sukwaya kuma na yaron ne, ka danna ya harba kibiya, kuma Allah Ya taimaka basu mai da shi kaya ba, ba irin yaran gem ɗin nan bane da za ka yi ta gadinsu suna mutuwa ana mayar da kai baya.

Kyamara ma ta canja gaba ɗaya. A da daga nesa take, tana tsaye inda suka ajiye ta, kana ganin Kratos ɗan mitsitsi a gaban ƙaton abu. Yanzu tana bayan kafaɗarsa, kuma daga farko har ƙarshe bata yankewa, babu baƙin allo na lodin sai in ka mutu. Kyau kam akwai kyau, sai dai baka ganin bayanka, sai wata 'yar kibiya da ke nuna maka ana zuwa ko yaron ya yi ihu ya gargaɗe ka, kuma babu madannin tsalle sam, wanda ya saba da tsalle biyu na da sai hannunsa ya yi ta neman abun da babu.

Mimir shi ne wanda ya sa sabuwar ƙasar ta zauna min. Shi kan mutum ne kawai mai magana babu gangar jiki, Kratos ya sare shi daga bishiyar da Odin ya ɗaure shi, wata mai sihiri Freya ta farfaɗo da shi, aka rataye shi a ƙugu. Kuna cikin kwalekwale a tafkin nan na tsakiyar Midgard, duniyar mutane, zai ɗauko labari, na ƙattai, na zaluncin Odin, na Thor da gudumarsa, in ka isa gaɓa kafin ya gama sai ya ce a bari sai an dawo, kuma kuna komawa cikin jirgi zai ɗora daga inda ya tsaya. Mu da muka san su Zeus tun muna yara amma bamu san komai a kan waɗannan ba, da wannan dabarar aka koya mana ba tare da an cika mu da karatu ba. Sau da yawa nakan tsaya a tsakiyar ruwa in ajiye fad sai ya gama. Ga kuma ƙaton macijin nan Jormungandr da ya kewaye tafkin, duk lokacin da ya motsa ruwa ya ja baya sai sabbin wurare su fito.

Wanda bai buga ba ya tsallake wannan sakin layin. Wajen tsakiya yaron ya kwanta ciwo, maganin yana Helheim, ƙasar matattu mai tsananin sanyi inda gatarin ƙanƙara bashi da amfani, dole Kratos ya koma gida ba tare da yaron ba cikin kwalekwale, sama ta yi ja, Athena ta tsohuwar rayuwarsa ta Girka zaune a gabansa tana kallonsa, ya shiga ɗaki ya ɗaga katakon ƙasa ya ciro wuƙaƙen da ya ɓoye. Yadda ya naɗa sarƙar a hannu a hankali, mutumin da ya tsani abun amma babu yadda zai yi. Ina fita waje na fara juya su hannuna ya tuna komai da kansa. Da tun farko suka bamu su da wannan wurin bai yi rabin daɗin da ya yi ba.

To yanzu inda suka gaza, don akwai. Na farko manyan bos, wato manyan maƙiyan da ake faɗa na musamman da su. Wanda ya tuna Hydra a farkon na ɗaya, ko gunkin Rhodes a na biyu, ko faɗa da Poseidon a kan jikin Gaia tana hawa dutsen Olympus, ko Cronos da kake yawo a jikinsa, zai ji an rage masa mudu. Faɗan farko da Baldur ɗan Odin a ƙofar gida ya yi matuƙa, dodon nan mai fukafukai na cikin dutse ma ba laifi, Magni da Modi 'ya'yan Thor haka, amma sauran fa? Ƙaton nan mai ɗauke da ginshiƙin dutse a kafaɗa, ka kashe shi, ka sake tarar da shi an canja masa launi, wannan na wuta wancan na ƙanƙara, kashewar ma iri ɗaya ce, har na daina kallon allo in an zo wurin. Na biyu, an ce maka duniyoyi tara amma shida kawai ake shiga, Asgard da Vanaheim da Svartalfheim a kulle suke, cikin shidan ma Muspelheim filin gwajin faɗa ne kawai, Niflheim kuma zagaye ne cikin hazo mai kisa kana tara kaya, na shiga na ga abun ba nawa bane na fito. Odin da Thor da aka yi ta cika mana kunne da su ba za ka yi faɗa da ko ɗaya ba, an ajiye su sai gem na gaba. Na uku harkar sulke da lambobi, a da jajayen ƙwallaye kake tarawa ka zuba a makami shi ke nan, yanzu sai ka tsaya wurin maƙeran nan Brok da Sindri kana auna wannan riga da waccan, rubutun kuma ƙanana, in talabijin ɗinka ba babba bace sai ka matso.

Maganar mu ta nan gida kuma, baya buƙatar intanet, kai kaɗai kake bugawa, in ka samu sidi a Computer Village ko Alaba ka saka ka fara, sai dai in za ka yi ofdet ka tanadi data. Ka duba bayan sidin da kyau kafin ka biya in na hannu ne. Yana sebin da kansa akai-akai, don haka in an ɗauke wuta ba ka yin asara mai yawa kafin a tada janareto. PS4 ɗina dai ya sha wuya, ga zafin Legas ga ƙura, fanka ta dinga kuka sai da na kai aka buɗe aka share ta. Mai kwamfuta mai ƙarfi kuma an sake shi a can tun Janairun 2022.

Wani abun da na yaba, sun cire tsiraicin nan da ke cikin tsofaffin, wanda a shagon gem sai ka yi sauri ka wuce wurin kafin wani babba ya leƙo. Amma jini yana nan, na 'yan shekara 18 ne, ɗan yayana da ya zauna kusa da ni yana cewa Kawu bani in gwada, tuƙin kwalekwale kawai nake bashi.

Gem ɗin shi ya ci kyautar gwarzon shekara a The Game Awards na 2018, kuma ci gabansa Ragnarok ya fito Nuwamban 2022 a PS4 da PS5, a can ne ake haɗuwa da su Odin ɗin a kuma shiga duk duniyoyin tara. Kar ka fara da shi, ka fara da wannan. Ka zaɓi matsakaicin wahala, na ƙarshen can ba na farkon shiga bane, in kuma ka gama labari kana jin kanka gwani, akwai Valkyrie, mayaƙa mata masu fukafukai, guda takwas a ɓoye, ka gama da su sarauniyarsu Sigrun ta fito, ni har yanzu tana bina bashi.