Leb ɗin da muka kai yarona gwajin jini da fitsari, ga yadda ta kaya

Yarona ɗan shekara 8 ya faɗo daga keke, kan keken ya doke shi a ciki, muka ɗauka wasa ne sai da aka kwana huɗu yana amai yana riƙe saman cibiya yana cewa har bayansa yake jin ciwon. Likita ta ce tana zargin fankiriyas, wato wannan abin da ke bayan tumbi mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci, ta turo mu wani leb a yi amilez da laifez na jini, wato sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa waɗanda ke ƙaruwa a jini in ya kumbura, da kuma amilez na fitsari.

Wallahi matar da ta ɗebi jinin ta iya hannunta, sau ɗaya ta samu jijiya, yaron da ko allura ya gani sai ya tara mana jama'a amma ranar shiru. Inda suka ban haushi wajen fitsari ne, an miƙo mana kwalba kawai ba wani bayani, sai da na koma na tambaya sau biyu.

Da sakamako ya fito na ga amilez na jini kusan daidai yake har na fara hamdala, ashe ba a nan take ba. Wani ma'aikacinsu, Allah ya saka masa, shi ya zaunar da ni ya ce amilez yana tashi cikin awanni amma kwana 3 zuwa 5 ya sauka, mu kuma mun makara, shi laifez yana iya kai kwana 8 zuwa 14 a sama, amilez na fitsarin ma yana daɗewa fiye da na jini. Kuma wai ko hangum yana ɗaga amilez tunda a yawu ma akwai shi, shi ya sa aka fi yarda da laifez. Laifez ɗin yaron ya wuce ninki uku na iyaka, da ciwon cikin, likita ta ce alamu biyu cikin uku na kumburin fankiriyas sun cika, hoton ciki ne na ukun kuma shi ma mun yi.

Na tsorata da girman lambar, ta ce lambar ba ita ke nuna tsananin ciwon ba. An kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa, yanzu har ya fara rigimar a ba shi kekensa.

Tauraro 4 na ba su. Ɗayan na riƙe saboda kwalbar nan da zaman awa uku a benci.