The Third Man a Blu-ray: na Criterion ko na StudioCanal?

Malam, tsakanin faifan Blu-ray na fim ɗin The Third Man na kamfanin Criterion da na kamfanin StudioCanal da ka ambata, ɗauki na StudioCanal wanda ya fito a Ingila a 2015. Shi nake da shi, kuma shi zan sake saye in ya ɓace.

Fim ɗin nan na Carol Reed na 1949 kusan rabinsa dare ne. An ɗauke shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba birnin a tsakaninsu, ga kangon gidaje ko'ina. Har ruwa aka riƙa watsa wa tituna don duwatsun daɓen su yi ƙyalli a kyamara, kuma Robert Krasker da ya ɗauki hoton ya ci kyautar Oscar a kansa. To fim irin wannan, in faifan bai iya riƙe baƙi ba, an gama. Duhu sai ya zama toka-toka, inuwa ta cakuɗe da bango.

A nan na 2015 ya yi zarra, domin an sake wanke fim ɗin a matakin 4K, wato hoto mai tsananin fitowa tar, kafin a zuba shi a faifan. Da na sa wa yayana shi, wanda ya san fim ɗin tun zamanin kaset, muna zuwa wurin da kyanwar nan take shafa jikinta a takalmin wani mutum da ya raɓe a bakin ƙofa, sai ya ce in mayar baya. Igiyar takalmin yake kallo. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa sanin ana iya ganinta haka ba. Daga nan wata mata ta kunna fitila a tagar sama, haske ya faɗo a fuskar mutumin, ƙofar kuwa ta tsaya baƙa ƙirin a bayansa. Ba zan faɗi ko wane ne ba, kada in ɓata maka kallo. Haka ma guje-gujen ƙarshe a cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin: kana ganin kowane bulo da danshinsa. Kiɗan Anton Karas shi ma ya fito tas, babu shiiii ɗin tsohon sauti.

Akwai kuma sharhin murya, wato bayanin da ake saurara yayin da fim ɗin ke tafiya, da Guy Hamilton yake ciki, wanda shi ne mataimakin darakta a wurin ɗaukar, kafin daga baya ya ba da umarnin wasu finafinan James Bond. Jin labari daga bakin ganau ya fi min komai a ƙarin kayan.

Na Criterion, na 2008, ba laifi. Yana da sharhin masu shirya finafinai Steven Soderbergh da Tony Gilroy, kuma akwai masu son yashi-yashin hotonsa. Amma an daina buga shi tuntuni, sai na hannu da tsadar tsiya, ga shi a kulle a shiyyar A ta Amurka, wato na'urar wata shiyya ba za ta karanta shi ba. Mu Afirka shiyyar B muke, tare da Turai. Sai dai ka juya bayan na'urarka ka duba harafin da ke jiki, don ta gwanjo da aka kawo daga Amurka A ce, ko da PlayStation ce. In taka A ce, na Ingila ba zai yi maka ba.

Ba ka tambayi wannan ba, amma dole in faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Saboda na Criterion ya yi wuya, 'yan damfara suna kwafe shi a faifan banza su buga masa bango mai kyau. Ka ce a turo maka hoton cikin faifan, ɓangaren da na'ura take karantawa. Na kamfani yana da ƙananan lambobi a zoben tsakiya, na jabu kuwa yawanci launinsa ya fi duhu, rubutun bangon kuma dishi-dishi. Wasu za su miƙo maka tsohon bugun StudioCanal na 2010 su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, an yi shi kafin gyaran, ka duba shekara a bayan kwalin. Wasu kuma su kira na 2015 "faifan 4K" don su ƙara kuɗi, alhali Blu-ray ne na yau da kullum. Ainihin na 4K sai a 2024 ya fito, da fim ɗin ya cika shekara 75, kuma yana buƙatar tasa na'urar daban. In kana da ita da talabijin ɗin da ya dace, wannan ba ruwansa da kullen shiyya.

Idan ka sa faifan ka ga baƙi a hagu da dama na allo, kada ka mayar, haka aka ɗauki fim ɗin. Wanda ya cika allo fal shi ne aka yanke ko aka ja. Tsawonsa kuma ya kai minti 104, don bugun da aka nuna a sinimomin Amurka an datse kusan minti 11 daga ciki. Kada ka tura kuɗi sai ka ga hoton bayan kwalin da na cikin faifan.