Almajirin Keynes ko Mai Ra'ayin Keynes?

A wata rumfar shayi kusa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani ɗalibin tattalin arziki ya buga ƙirji ya ce shi almajirin Keynes ne, wato shahararren masanin tattalin arziki ɗan Ingila. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa: "Yaro, a wane zaure ka durƙusa gabansa?"

Ina bayan dattijon. A Sakkwato kalmar almajiri tana da nauyi, sai wanda ya ɗauki karatu baki da baki, ana iya jero malamansa har sama. Masanin tattalin arziki Richard Kahn ya cancanci sunan, domin a hannun Keynes ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Keynes kuwa ya rasu tun 1946.

"Mai ra'ayin Keynes" ya fi sauƙin ɗauka. Ka yarda cewa idan kasuwa ta mutu, aiki ya yi wuya, gwamnati ta saki kuɗi ta yi ayyuka, kamar yadda Keynes ya kafa hujja a littafinsa na 1936, shi ke nan ka shiga. Gobe ka sauya, ba mai cewa ka ci amanar malami. Illarsa dai, har wanda bai taɓa buɗe littafin ba yana laɓewa a ciki.